Motar da Ba Ta Shan Hajata

Shekara goma sha ɗaya ina mararrabar Harbo,
gindin darbejiya, da benci, da jarkoki shida,
da mazurarin da na yanko daga gorar ruwa.
Ko idona a rufe na san mai tahowa:
Keke Napep ɗin Sabi'u yana tari tun daga gada,
a-kori-kurar 'yan kifi na kukan tsohon jaki,
babur ɗin ladan, rabin kwalba, biya sai bayan Jumu'a.
Duk mai inji ɗan gidana ne.
Ƙishirwarsu ce tuwon 'ya'yana.

Sai ga Ƙaribu likitan shanu
ya sako wata 'yar dunƙulalliya mai dogayen ƙafafu,
launin tokar murhu,
ba ta kai jif ɗin masu neman ƙuri'a ba,
ta kuma wuce a ce mata ƙaramar mota.
Ban ji zuwanta ba.
Inuwarta ce ta fara taɓa ƙafata.
Na miƙe da galan yadda na saba,
ya yi dariya ya ce, "Nakande, a ina zan zuba?"
Na kewaye ta sau biyu.
Ba tanki, ba salansa, ba ko ɗigon maiƙo a ƙasa.

Wai rana take sha.
Farantan da ke jawo wa shinkafarsa ruwa a fadama
su ke shayar da ita ta waya,
a ɗaure ta kamar tunkiya a turke.
Rana! Wadda ke gasa min ƙeya tun hantsi,
ashe ita ma shago ta buɗe a kaina.

Na yi mata fatan yashi, ta haye.
Na yi mata fatan taɓon damina, ta fito da laka har gemu.
Kullum tana hanyar rugage,
akwatin allurai a baya, buhun dusa, wata rana ɗan maraƙi,
garke ba ya watsewa in ta ratsa.
Mudi makanike ya ce shi ma bai taɓa ganin hanjinta ba,
ba juyen baƙin mai, ba wankin filogi.
Muka zauna mu biyu muna ɓarar gyaɗa muna cin namanta.

Daren da numfashin Nazifi ya sarƙe
ruwa ake tun magariba.
Ina da fetur jarka huɗu a ɗaki,
ba ni da abin da zan zuba shi.
Na tafi ƙofar Ƙaribu ba takalmi.

Ya duba lambar da ke haske gaban sitiyari,
talatin da ɗaya, don kwana biyu hadari ya riƙe rana.
Na ce, za ta kai Jahun?
Ya ce, za ta kai. Dawowa sai mu yi shawara.

Tasalla na baya da yaron a cinya.
Abin da ban taɓa sani ba a mota, ranar na san shi:
ina jin kwaɗi, ina jin ruwa na rabewa a taya,
ina jin carbin uwarsa,
ina jin ƙirjin ɗana, shiga, fita, shiga,
har ina ƙirgawa.
Da a motar 'yan kifi ne
sai na yi ta waiwaye ina tambaya, yana nan?

Kwana biyar aka sallamo mu.
Na cika galan na nufi gidansa don godiya,
sai a bakin zaure na tuna.
Na tsaya kamar wanda ya kai wa kifi bargo.
Na koma na kwaso ƙwan zabo ashirin.

Har yau ina gindin darbejiya.
Sabi'u na tari, ladan na cin bashi.
Ita kuwa sai ta wuce nake ganin bayanta,
ya danna oda, in ɗaga hannu, ba galan.
Ranar kasuwar Gujungu na tsaya rumfar masu sola,
na taya faranti biyu, ban saya ba.
Mudi bai sani ba tukuna.