Awon Laima

Ni tela ne, a Ƙofar Marusa nake,
Shekara ashirin da biyu ina bisa keke,
Na san shadda da hannu ko an ɗauke wuta,
Amma ban taɓa auna iska ba, balle ruwa.

Sai ga Lurwanu ya dawo daga Masar,
Shekara shida yana yi wa baƙi hidima a bakin teku.
Ya shigo da jaka ta kusa fin shi tsawo,
Ya zazzage ta kan tebur, ya ture alli da almakashi,
Ya ce, "Hambali, zaɓi ɗaya. Asabar za mu Ajiwa."

Laima biyu. Ja, mai faɗin rumfar biki,
Da shuɗiya ƙarama, ta ɗan koɗe a gefe.
Idona ya tafi kan jar, ka san ido da kwaɗayi.
Ya ce, "Kilo nawa kake?" Na ce sittin da uku.
Ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Wannan in iska ta taso ta sure ka,
Sai dai mu je Maraɗi cigiyarka.
Ɗan koyo da ƙarama yake farawa."

To, a nan na nuna masa nawa sanin.
Na ɗaga shuɗiyar ga hasken ƙofa,
Na bi ɗinkin da farce, kabu bayan kabu,
Na sami inda zare ya gaji,
Da faci biyu, wanda ya yi su ba tela ba ne.
Muka hura ta da famfo, muka bar ta har la'asar,
Na kara kunne kamar likita a ƙirjin yaro.
Shiru. Ba ta sacewa.

Allon hawa, na so ɗan siriri mai zanen wuta,
Ya miƙo mini wani fankameme kamar ƙyauren kicin.
"Mai faɗi shi ke yafe kuskure," in ji shi,
"Siririn, sai ka ƙoshi da faɗuwa."

Ɗamara ta kama ƙuguna, na ce ta matse,
Ya cusa yatsa biyu, ya ce haka ake so.
Igiya huɗu, kowace ya ja ta cikin tafinsa
Yana laluben ƙulli, da inda ta fara gashi.
Sannan ya ɗora hannuna kan wani jan maɓalli:
"Wannan za ka sani kafin sunan komai.
In ta fi ƙarfinka, tura shi, bar ta ta tafi.
Laima ana samun wata a kasuwa."

Barira ta ga rigar iyo da hular kwano,
Ta ce, "Acaɓa za ka fara ko kamun kifi?"
Na yi bayani, ta bar ni har na gama,
Ta ce in biya kuɗin makarantar Ummita tukun,
Rigar nan kuma, komai zafi, kada ta ji na bar sawa.

Asabar ta zo. Masunta suka ajiye koma suna kallo,
Wani tsoho a kwalekwale ya ce, "Ikon Allah."
Iska ta zo, ta tafi, ta dawo a karkace,
Ni kuwa ko tafin ƙafata bai jiƙe ba.
Yini guda a tudu, sanda a hannu,
Ina koyon kada in ja lokacin da tsoro ya ce in ja.
Sau uku ta kife ni cikin ƙarangiya.
Sau ɗaya ta tsaya cak bisa kaina,
Na ji ta a ƙugu tana numfashi kamar maraƙi,
Har na manta da tsohon, na manta da kowa.

Yanzu tana rataye a shago bayan atamfofi,
Na sake facin nan biyu da hannuna.
Masu kawo ɗinki suna tambaya ko tanti ne,
Na ce a'a, su dawo Laraba su karɓi kayansu.
Allon na jingine, busasshe kamar ranar da ya zo,
Lurwanu ya ce sai nan da sati uku, in iska ta yarda.
Ƙafata na kan feda, kunnena na kan bedin ƙofar shago,
Ina jin ko ganyensa ya fara kaɗawa.