Zare Na Uku

A Puerto Montt ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
Likita Oyarzún ta shimfiɗa takarda a tebur:
ƙananan zaruruwa, kuromosom ta kira su,
an jera biyu-biyu kamar takalma a bakin ƙofa.

"Ƙirga," in ji ta.
Ni mai ɗinkin koma ne, ƙulli ba baƙona ba ne.
Na bi da yatsa har gida na ashirin da ɗaya.
Nan uku suka kwana.

Ta ce tun ba a san da Baltasar ba,
sa'ad da ƙwan mace ko maniyyi ke rabon kaya,
wasu tagwaye suka ƙi sakin juna.
Shi ke nan. Arba'in da bakwai.

Amparo ta tambaya, murya can ƙasa:
"Sanyin masana'antar kifi ne? Ko yawan tsayuwata?"
"Ba ke ba ce. Ba shi ba ne."
Mako uku tana dakon wannan dutse.

A motar komawa yaron ya farka,
ya cafke babban yatsana, ya ƙi saki.
Na ce a raina: to,
halin gida ne.