Gurbin Farko

A shagon Lauwali, nan Kakuri,
janareto na tari kamar tsoho,
fom a buɗe, saura gurbi ɗaya.

"Lauya ko akanta? Yi sauri, mai ya yi tsada."
Na ce, "Tarihi."
Ya ɗago kai:
"Da tarihi za ki kaɗa miya?"

Baba na tsaye bayana.
Shekara ashirin da biyu yana bin zare a masaƙa
har ranar da aka garƙame ƙofa.
Yau ciyawa ta fi injin tsawo.
Na jira ya ce in canza.

Sai ya ce, "Sa mata abin da ta faɗa.
Mu dubu nawa muka fito ta ƙofar can,
ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya."

Firinta ta tofo takarda da ɗuminta.
Ya ninke ta huɗu, ya sa a hula.
Muka bi gefen katangar masaƙa
yana nuna tagogin da suka makance:
"Nan Bulus, nan Ɗanasabe,
nan Iliya mai aikin dare..."

Ni ko biro ban zo da shi ba.