Ƙwaryar Inna Sisiliya

Na dawo Tawa daga lakwal a Yamai,
Littafi Mai Tsarki a hammata.
Na ce: Inna, gicciyen nan da kike shata mana a goshi,
a wace aya yake?

Ba ta karatu.
Ta ja carbinta har goma ta cika,
ta jawo ƙwaryar madara,
ta ɗiga nonon jiya, ta rufe da faifai.

Ta ce: Kafin a rubuta, an faɗa.
Wa ya riƙe maganar a baki
har tawada ta iso?

Da safe madara ta yi barci.

Yanzu ni ke karatu a coci ran Lahadi.
Da dare kuwa, babban yatsana
ya san hanyar goshin ɗiyata.