Wasiƙar Da Mamaci Bai Rubuta Ba

A ofishin shige da fice layi ya kai bakin titi.
Tun asuba nake nan da fayil a hammata.
Matar da ke bayan gilashi ba ta ɗago kai ba:
"Ina wasiƙar maigidanka, mai hatimi da sa hannu?"

Na ce maigidana yana Tafo.
Ta ce, "To je ka karɓo."
Na ce, Tafo ta maƙabarta, baiwar Allah,
can ba a ba da takarda.

Shekara sha tara nake walda a Suwame,
tun ina miƙa wa wani guduma har aka fara miƙo mini.
Wofa Boakye bai taɓa mallakar hatimi ba.
Ofishinsa benci ne a inuwar mushen tirela,
albashi kuwa ranar Asabar, daga aljihun riga zuwa tafin hannu,
ba mai gani sai Allah da mai sayar da koko.

Da ya rasu 'ya'yansa suka sayar da filin.
Yanzu shagon waya ne mai shuɗiyar fitila.
Na tsaya ina neman gurbin da injinmu yake zama,
yaron shagon ya tambaye ni ko caja nake so.

Sai na shiga tattara kaina
kamar mai tsintar geron da ya zube a yashi.
Rasit bakwai na sandar walda, biyu ruwa ya cinye.
Katin asibiti na ranar da tartsatsi ya shiga idon hagu.
Hoto guda, ni ne a gindin tanka,
amma garkuwar walda ta rufe mini fuska,
ƙafafuna kaɗai suka fito.

Na je kotu na biya kuɗi na rantse
a kan abin da duk Aboabo ta sani.
Ƙofar makarantar unguwarmu ni na haɗa ta.
Motoci nawa ke gangara Kejetiya da ɗinkina a ƙarƙashinsu?
Amma ƙofa ba ta shiga fayil,
direba kuma ba ya tsayawa da fasinja don ya yi shaida.

Ana nan sai Maame Afriyie, matar marigayi,
ta aiko jikanta ya kira ni.
Daga ƙasan akwati, cikin zannuwan makoki,
ta zaro littafi, bangonsa ya sha giris har ya yi laushin fata.
Kowace Asabar tana ciki, layi bisa layi,
ga adadin kuɗi, ga dangwalen yatsana da baƙin mai.
Na zauna a kan turminta na kasa haɗiyar yawu.

Sai dai a nan gizo ke saƙar.
Fasfo ya ce Nomau Tankari, haifaffen Dogon Dutsi.
Littafi ya ce Kwaku Dogo,
don ran Laraba na sauka a tasha, kuma na fi kowa tsawo.
Shekara sha tara ina amsa sunan nan,
ban san wata rana zai ce bai san ni ba.

Tsohuwa ta ɗaura kallabi, ta ce in samo mota.
"Mijina bai iya rubuta wasiƙa ba yana raye,
balle yanzu.
Ni zan je in zama wasiƙar."

Ga mu a layi, rana ta take.
Tana kan kujerar roba da mai gadi ya ara mata,
tana ɓare gyaɗa, littafin a cinyarta.
Lambarmu sittin da huɗu. An kira hamsin da ɗaya.
Sakina, 'yata, wadda aka binne cibiyarta a Kumasi,
ta bugo waya tana tambaya ko an ba ni zama.
Na ce mata tukuna.

Ina ta duban babban yatsana.
Wuta ta shafe rabin zanensa.
Allah Ya sa ragowar ta isa.