Ƙafa Ta San Hanya

Ni ba daɗi na je nema ba,
bari in faɗa tun da fari.
Saura kwana tara Sallah,
yadi ya taru har ya rufe benci,
ido na rufewa, allura ta ci yatsana sau biyu.
Barau ya miƙo wata 'yar ƙwaya, ja, ba ta kai wake ba,
ya ce haɗiye, daren nan naka ne.

Daren kuwa ya zama nawa.
Keke ya yi ta gudu ƙarƙashin ƙafata
har ladanin Ƙofar Marusa ya kira assalatu,
riga bakwai a rataye, ko hamma ban yi ba.
Na ce na sami yaron shago da ba ya neman lada.
Ashe yana rubutawa.

Sallah ta wuce, ita ba ta wuce ba.
Ɗaya ta koma biyu, biyu ta daina jin kira.
Da can ina sha in tashi sama,
daga baya ina sha ne don in kai
inda kowa ke tsaye bai sha komai ba.
Abin da Inna ta kasa ganewa ke nan
ranar da ta ce, to ka bari mana.
Inna, da riga ce, da tuni na tuɓe.
Ta shige tsakanin tsoka da ƙashi,
ita ce mai gida, ni ɗan haya.

Na rantse a gaban Hajara ranar Laraba,
na sake rantsewa ranar Asabar,
kuma duk lokacin da nake rantsuwar gaskiya nake faɗa.
Sai la'asar ta yi,
tururuwa su fara tafiya cikin ɓargona,
hanci na zuba, gumi da sanyi tare.
In ce bari in je sayen zare.
Kai yana nufin kasuwa,
ƙafa tana kwana zuwa lungun kemis,
ban aike ta ba.

Shaddar Alhaji Maikano, yadi goma,
na sayar, na ce ɓarawo ya shiga.
Ɓarawo kam ya shiga.

Wata safiya Nusaiba na wasan shago a zaure,
ta jera gwangwani, ta jera murafen kwalba,
ga katin ƙwaya fanko guda shida, ta goge su tas.
Ta ɗago kai ta ce, Baba, zo ka saya,
na ajiye maka irin naka.
Shekararta biyar.

A asibiti likitan bai zage ni ba, abin ya ba ni haushi.
Na zo ne a zage ni in huta.
Ya ce ƙwaƙwalwa koyo take,
kamar akuyar da ta san gidan da ake zuba dusa,
ko ka sayar da ita, in ta tsinke igiya can za ta.
Ba a kashe akuya, in ji shi,
wani gidan ake nuna mata, kullum, har ta saba.

Yau kwana arba'in da ɗaya.
Ta Rafin Daɗi nake zagayawa zuwa shago,
hanyar ta fi nisa da minti ashirin.
Jiya na manta, ina tunanin kuɗin makaranta,
sai ga ni a bakin lungun.
Na tsaya. Cinyoyina na rawa.
Wata yarinya ta zo da gyaɗa, na sayi ta ɗari,
na ɓare ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare,
sannan na juya.

Ban ce na ci nasara ba.
Na ce ban shiga ba.
Duk tela ya sani, ɗinkin da ya karkace
in ka fizge, yadin ne zai yage.
Zama ake yi da reza a bakin haske,
zare ɗaya, sai zare ɗaya.