Ruwan da Aka Hana Ni Sha

Litinin, Laraba, Juma'a,
nakan gangaro daga tudunmu kafin mai burodi ya buɗe shago,
in miƙa wa na'urar wankin ƙoda hannun hagu
kamar mai biyan bashin da bai san ranar da ya ci ba.
Awa huɗu jinina yana yawo cikin roba,
ya dawo a wanke,
ni in tashi a matse kamar tsumma.

Likita ya auna mini ruwa: kofi uku a wuni, har da romo.
Ni da aka yanke wa cibi a bakin teku!
Valparaíso ta tsoma ƙafafunta cikin ruwa tana wasa,
ni ina tsotsar ƙanƙara guda kamar alewa.

Fresia ce, mai jinyar nan mai tabon ƙuna a wuya,
ta ajiye mini murfin kwalba cike da ruwa,
da ɗan buroshi, da fentin 'yan makaranta.
Ta ce, "Wannan ba ya cikin lissafi."

Dama ta rage mini, da ita na fara.
Jirgin farko ya fito kamar takalmi.
Don Belisario na kujera ta bakwai,
wanda ya shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
ya leƙo, ya tsuke baki:
"Tekunki ba shi da nauyi, yarinya. Ƙara masa baƙi."
Na ƙara.
Sai ga shi yana numfashi.

Baitoci kuwa a bayan takardar awon nauyi nake zuba su,
gaba kilo, baya kuka,
wani lokaci tsiya da dariya.
Na rubuta wa ƙishirwa wasiƙa, na kira ta da sunan yanka.
Na zagi gishiri, na roƙi gafarar ayaba.

Kada wani ya ce na warke.
Ƙodar tana nan yadda take, kurma, ba ta jin waƙa.
Sunana yana cikin jerin masu jiran dashe,
shekara ta shida ke nan, waya ba ta yi ƙara ba.
Sai dai awa huɗun da ake sace mini
na koyi sato su a mayar, kaɗan-kaɗan.

Wata Laraba na tarar da kujera ta bakwai a goge,
wani saurayi a kai, idonsa cike da tsoro.
Ban tambaya ba. Fresia ba ta faɗa ba.
Ranar na zana hannaye biyu masu kaushi, babu fuska,
na zuba wa teku baƙi har takarda ta huje.

Saurayin ya daɗe yana kallo.
Can ya ce, "Akwai wani buroshin?"
Babu.
Na tsoma nawa a murfin, na miƙa masa yana ɗiga.